Me ya sa marubutanmu ke ɓata mamaci kafin su aurar da matarsa?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙorafi ne da ni a kan littattafan manya, waɗanda ake sayarwa a WhatsApp ana rubuta "na matan aure ne kawai" a samansu. Duk labarin da aka ɗauko mace mijinta ya rasu, hanya biyu ake bi da ita. Ko dai a tono cewa marigayin mugu ne, manemin mata, ko bai taɓa biya mata buƙata ba, don a samu hujjar da za ta so wani. Ko kuma a bar shi mutumin kirki, amma daren farko da sabon miji sai a ce ta mance da shi ɗungurungum. Takaba kuwa layi ɗaya ce: "bayan wata huɗu da kwana goma". Sai ga Alhaji ya faka mota a ƙofar gida. Wai ba zai yiwu a rubuta mace ta so mijinta na biyu, so na zuciya da na jiki, alhali na farkon yana nan a ranta ba? Ko kasuwa ce ba ta so? Marubutan gidan nan ku fito, ba faɗa ba ne.

Zee_Hotoro:
Wallahi Anti kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kuma kullum sabon mijin ya fi kuɗi, ya fi kyau, ya fi iya komai. Marigayi dai ya shiga uku, ya mutu kuma an bi shi da sharri.

Tuzurun_Kurna:
To mu da ko ta farkon ba mu samu ba sai mu koma gefe mu yi kallo.

Admin_Gwaggo:
Kafin a yi nisa: ba a liƙo mana shafin kowane littafi a nan, ba a kama sunan marubuciya. Akwai 'yan makaranta a gidan nan. A yi magana da mutunci.

Alƙalamin_Dala:
Maman Haidar, ni marubuciya ce, kuma ba zan musa ba. Amma ki fahimci yadda sana'ar take tafiya yanzu. Ana sakin shafukan farko kyauta, daga nan duk mai son ci gaba ta tura kuɗi ta asusu a saka ta a rukunin waɗanda suka biya. Ke nan a cikin shafukan kyautar nan dole mai karatu ta hango inda za a je, ta ga namijin, ta ji ƙamshin abin da ke tafe. Na taɓa zaunar da jarumata cikin takaba da gaske, ina rubuta yadda take kasa cin abinci, yadda 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa gidan ya yi mata faɗi. Saƙonni suka yi ta shigowa: "Anti kin cika jan rai", "mu fa ba makoki muka biya ba", "yaushe za su haɗu?" Wasu suka fice. Ga masu satar littafi suna yaɗawa kafin ki mayar da kuɗin data. Da can akwai OkadaBooks, ta rufe a 2023, yanzu sai ArewaBooks da Wattpad da rukunonin WhatsApp da Telegram. Mai karatu tana riƙe da ke a waya, kullum sai kin ba ta abin da zai sa ta dawo gobe.

Batun ɓata mamacin kuma, dabara ce ta kare jaruma. Masu karatunmu ba sa yafe wa macen da ta ji daɗin wani namiji bayan miji nagari. Sai su ce ba ta da amana. Idan aka ce na farkon azzalumi ne, kowa sai ya saki jiki ya taya ta murna.

Maman_Haidar:
@Alƙalamin_Dala na gode da kika fito fili. Amma kin ga ke nan ku da kanku kuke ƙara koya wa mutane cewa sai miji ya zama azzalumi matarsa take da izinin ta so wani bayansa.

Alƙalamin_Dala:
Mu muka koya musu ko a haka muka same su? A Kano fa muke, Hajiya.

Hajjo_Fagge:
Ban cika magana a gidan nan ba, amma wannan ta shafe ni. Mijina yana cikin waɗanda suka tafi a mace-macen nan na 2020, lokacin kulle, ana cikin azumi. Ko zaman makoki na kirki ba a yi ba saboda dokar hana fita. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ɗora masa don in wanke kaina.

Abin da littafi ba ya faɗa shi ne ƙananan abubuwa. Rigarsa ta ƙarshe da ya cire tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, na hana kowa wanke ta, har ƙamshin turarensa ya gudu ya bar warin ƙura. In na zo kwashe tuwo hannuna da kansa yake fara cika kwanonsa. Lambarsa tana wayata har yau, duk da na san kamfani ya daɗe da ba wani layin.

Sai kuma wanda ba a faɗa ko a tsakanin mata. Jiki bai san an yi mutuwa ba. Shekaru kina kwana kusa da mutum, rana ɗaya a ce babu. Akwai daren da kewar da take damuna ba ta hira ba ce, ba ta cefane ba ce. In gari ya waye in ji kamar na aikata laifi, in yi ta istigfari, alhali mijina nake kewa, halalina. Wa zan gaya wa? Uwata? Surukata da take kuka da nata ɗan? Ni a nan ne nake ganin littafin manya zai iya yin amfani, tunda shi ne kaɗai rubutun da ya yarda mace tana da jiki. Amma sai su tsallake wurin, su tafi ɗakin amarci.

Na sake aure, alhamdulillahi, kuma ina son mijina. Daren da na tare, banɗaki na shige na kunna famfo don kada ya ji kukana. Da na fito na tarar ya shimfiɗa darduma yana nafila, ya idar ya ce mu yi wa baban yara addu'a. Ranar ko hannuna bai riƙe ba. Abin da ya sa na sake da shi ke nan. Da a littafi ne da an ce ya rungume ni na mance duniya.

Zee_Hotoro:
Allahu akbar. Anti Hajjo kin sa ni hawaye a cikin adaidaita sahu. Allah ya jiƙansa, ya bar ku tare da wannan bawan Allah.

UmmuAffan:
Allah ya gafarta masa. Maganar jikin nan da kika yi, wallahi yau na fara jin wata ta furta ta.

Malam_Tudun_Wada:
Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Hajiya Hajjo, babu laifi a kanki ko ƙwayar zarra, kewar miji ba zunubi ba ce.

Tambayar Maman Haidar kuwa tarihi ya riga ya amsa ta. Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, mijinta Abu Salama ya rasu a shekara ta 4 bayan hijira sakamakon raunin da ya samu a Uhudu. An koya mata addu'ar musiba, wadda ake roƙon Allah ya ba da lada ya kuma musanya da mafi alheri. Ita da bakinta ta ce a ranta tana tambaya, wane Musulmi ne ya fi Abu Salama? Hadisin yana cikin Muslim. Ta yi addu'ar, kuma Annabi (SAW) ya aure ta. Ba a ɓata Abu Salama ba kafin a ɗaura. Da aka zo neman ta ma sai da ta kawo uzurinta: tana da kishi, shekaru sun ja, ga yara. Asma'u bint Umais ta auri Ja'afar, ya yi shahada a Mu'uta, ta auri Abubakar, bayan rasuwarsa ta auri Aliyu. Babu wanda ya ce ba ta da amana.

Sai gyara ga marubuta. Takaba wata huɗu da kwana goma ce kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 234, mai ciki kuma sai ta haihu. Aya ta 235 ta yarda namiji ya yi hannunka-mai-sanda, amma ba a neman aure ƙarara, ba a ƙulla alkawari a ɓoye. Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini tambaya daga wani labari da aka sa rana mace tana cikin takaba, ana hirar dare a waya. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya ɗaura aure cikin idda har ya tare da matar, ta haramta gare shi har abada. Ba abin wasa ba ne.

Amma fa kada a ɗauka na sa hannu a kan zayyana abin da ke faruwa a shimfiɗa. Hadisi ya yi tsanani a kan mai yaɗa sirrin da ke tsakaninsa da iyalinsa. A rubuta baƙin ciki, a rubuta so, a ja labule.

Sadiq_BUK:
Allah gafarta Malam, hadisin yana magana ne a kan mutum ya tona sirrin matarsa ta gaske. Jarumar littafi ba matar kowa ba ce. In za a hana, a nemo wata hujjar.

Malam_Tudun_Wada:
Sadiq, hujjar ita ce abin da rubutun ke tayarwa a zuciyar mai karatu, musamman wanda ba shi da inda zai kai. Kai ka san su wa suka fi karantawa. Ba matan auren da aka rubuta a sama ba ne kaɗai.

Sadiq_BUK:
Wannan na yarda, Malam. Amma littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure ma ba sa jan labule a babin wanka da babin aure.

Malam_Tudun_Wada:
Suna faɗar hukunci ne, ba sa ƙawata shi da turaren wuta.

Abban_Ilham:
Ana ta maganar mata, bari namiji ya sa baki. Matata wajen haihuwa ta rasu, ta bar mini jaririya. Mu maza ba mu da takaba, don haka mutane suna ganin ba mu da baƙin ciki. Ranar sadakar uku wani kawuna ya ja ni gefe ya ce namiji ba ya zama haka, kafin arba'in an fara yi mini tayin ƙanwarta, wai don ta riƙe yarinyar. Yarinyar da nake kallo kamar ƙanwata tun tana firamare. Na ce a yi haƙuri.

Ranar da ta fi yi mini ciwo ba ranar jana'iza ba ce. Ranar da aka zo kwashe kayan ɗakinta ce don rabon gado. Aka kwance gado, aka fitar da kujeru, aka sauke labule. Na shigo da daddare na haska fitilar waya, babu komai sai shatin ƙafafun gado guda huɗu a jikin leda, da ƙusoshi a bango. A tabarma na kwana a falo, kuma na daɗe ban koma ɗakin ba.

Matata ta yanzu tana karanta littattafan nan, wani lokaci ta ba ni labari. Mijin da matarsa ta mutu kullum attajiri ne mai ɗaure fuska, ba ya dariya, ya tsani mata, sai wata 'yar shekara goma sha takwas ta zo aikatau gidansa ta narkar da shi. Ban taɓa jin an rubuta wanda yake dama madara da ƙarfe biyun dare yana kuskure ma'auni ba. Ban kuma taɓa jin an rubuta tsoron da ke kama mutum ranar da sabuwar matar ta ce tana da ciki ba. Ni wata tara ban yi barcin kirki ba. Har kusantarta na riƙa jin tsoro tun farko, don a kaina abin da ya kashe ta farkon daga nan ya faro. Wannan fa yana cikin abin da ya shafi shimfiɗa, in da gaske rubutun manya ake yi.

Alƙalamin_Dala:
@Abban_Ilham Yaya, wannan na ƙarshen ko a mafarki bai taɓa zo mini ba. Allah ya jiƙanta, ya raya Ilham.

Tuzurun_Kurna:
Na janye wasan da na yi a sama. Allah ya gafarta mata.

'Yar_Gwale:
Ni kuma ta ɗaya ɓangaren nake, ni ce wadda ta shigo bayan marigayiya. Ku yi mini uzuri, amma duk wanda ya ce abin daɗi ne bai gwada ba. Kishiya mai rai za ta ƙona miya wata rana, za ta yi fushi, za ta tsufa. Wadda ta mutu ba ta sake yin kuskure har abada. Dangin miji su zo su ce "Allah sarki, ita ba haka take yin dambunta ba". 'Ya'yanta su kalle ki kamar ke kika kore ta. Ba ki da damar yin kishi a fili, don za a ce kina kishi da kabari. To ni in na ɗauki littafi da daddare, ina so in ga amarya ta yi nasara, ta mallake zuciyar mijin gaba ɗaya. Shi na biya kuɗi in gani. Gaskiyar rayuwa ina da ita a gida, ba sai an sayar mini ba.

Maman_Haidar:
@'Yar_Gwale ban taɓa kallon ta nan ba. Amma ita marigayiyar sai an zage ta kafin ki ji daɗin labarin?

'Yar_Gwale:
Ba sai an zage ta ba. A dai daina sa shi yana kiran sunanta cikin barci, wannan ya ishe ni a zahiri.

UmmuAffan:
'Yar Gwale, kishinki yana da asali. Nana A'isha ta ce ba ta yi kishi da wata mace ba kamar yadda ta yi da Nana Khadija, alhali ba su zauna tare ba. Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Khadija bayan rasuwarta. Kuma duk da haka da aka tambaye shi wa ya fi so a cikin mutane ya ce A'isha. Zuciya ɗaya ta ɗauki biyun.

Baba_Mai_Littafi:
Ni na sayar da littattafan Hausa shekaru masu yawa a wajen Bata, tun ana buga su kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, ana ba da haya. Marubutan wancan lokaci, mata da maza, sun rubuta zawarci da mutuwar miji da wahalar marayu, kuma an saya. In an zo ɗakin aure sai a ce "asuba ta gari", kowa ya gane. Duk da haka ba su tsira ba. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001. A 2007, zamanin Malam Shekarau, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafai an cinna musu wuta, wai suna lalata tarbiyyar 'yan mata. Da Malam Rabo ya karɓi hukumar aka yi ta kai ruwa rana da marubuta a kan rajista. Waɗanda aka ƙona ɗin nan, in ka ajiye su kusa da abin da jikokina suke ɓoyewa a waya yanzu, littattafan wa'azi ne. An kori mai kunya daga kasuwa, marar kunya ya shigo ta waya, inda ba mai iya kama shi.

Sadiq_BUK:
Baba, ba korar ce kaɗai ta kashe bugu ba. Tsadar takarda da zuwan waya mai intanet sun fi hukuma ƙarfi. Ko ba a ƙona ko ɗaya ba da nan za a zo.

Baba_Mai_Littafi:
Yaro, ni da na rufe shago na san abin da ya rufe shi. Duka biyun ne.

Zee_Hotoro:
An fara kauce hanya fa. Maganar mamaci ake.

Nas_Binta:
Bari in dawo da mu. Aikin jinya nake yi, kuma mun karanta wannan a makaranta. Matakai biyar ɗin nan na baƙin ciki da ake yawo da su, daga ƙin yarda har zuwa sallamawa, wata likita ce Elisabeth Kübler-Ross ta kawo su a 1969, kuma a kan marasa lafiyar da suke gab da mutuwa ta yi aikinta. Daga baya aka ɗora wa masu rashi, mutane suka ɗauka layi ne da ake bi a fita ta ƙarshe. Marubutanmu ma haka suke ɗauka: kuka, takaba, aure, an warke.

A 1999 wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Stroebe da Schut, suka bayyana abin da ya fi kama da wanda muke gani. Mai rashi kai-komo yake yi. Da safe tana lissafin kuɗin makarantar yara har ta yi dariya da maƙwabciya, da la'asar ta ga takalminsa ta rushe. Duka biyun lafiya ne. Kuma masana sun bar ra'ayin cewa sai an yanke alaƙa da mamaci ake warkewa. Mu ai da ma ba mu yanke ba, muna yi musu sadaka, muna sa wa 'ya'ya sunansu.

Inda ake damuwa shi ne idan abin ya ƙi sassautawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka idan ya wuce wata shida da tsanani har mutum ya kasa gudanar da rayuwarsa. Irin wannan ba aure ne maganinsa ba, kuma ba aljanu ba ne. A je a ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitin Malam Aminu Kano, akwai na Dawanau. Abin da yake ba ni haushi a littattafan nan shi ne mayar da shimfiɗa magani. Na ga matan da aka tura ɗakin miji zuciyarsu ba ta tashi daga makabarta ba, jikinsu ya ƙi, mijin ya ɗauka raini ne, aure ya mutu cikin 'yan watanni.

Hajiya_Kulu_Yakasai:
Ku yara kuna ta so, so. Mu a zamaninmu, kuma har yanzu a cikin lungunanmu, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar ba so take nema ba, inuwa take nema. Rabonta a gado tumuni ne in akwai 'ya'ya, in su huɗu ne su raba tumunin nan a tsakaninsu. Gida in na gado ne a sayar. Ta koma gaban iyaye in suna raye. Me kuke tsammani ya sa mata suka yi ta tururuwa zuwa Hisba da aka fara auren zawarawa a 2012 zamanin Kwankwaso? Na 2023 ma ai ma'aurata 1,800 aka ɗaura wa. Gado da katifa da ɗan jari, su ne maganar. In so ya zo daga baya, falillahil hamdu.

Kuma ba wanda ya taɓo 'ya'ya. Ita wannan jarumar taku da ke shan amarci, ina ta kai marayun? Ko dangin uba su ƙwace, ko ta tafi da su su zama agola ana ƙirga musu loma. Macen da aka raba da ɗanta na goye ranar tarewa, wane daɗi za ta ji a ɗaki?

Malam_Tudun_Wada:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. A Malikiyya riƙon yaro haƙƙin uwa ne. In ta auri wanda ba muharramin yaron ba ya tare da ita, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta, wato kakar yaro ta wajen uwa, kafin a zo kan dangin uba. Abin da ake yi na zuwa a kwashe yara ranar arba'in al'ada ce.

Hajiya_Kulu_Yakasai:
Malam, a littafi haka ne. Je ka faɗa wa baffan yara a zaure ka ji.

Alƙalamin_Dala:
Ina karanta komai. Zan faɗi wani abu ko da za a ji haushi. Anti Hajjo da Abban Ilham sun ba da labarin da ya fi duk abin da na rubuta, amma su biyun sun yi dace da abokan zama masu haƙuri. 'Yar Gwale kuma ita ce mai saye na ta gaskiya, kun ji abin da ta ce. Zan iya rubuta mijin farko nagari in bar shi nagari har ƙarshe, wannan na ɗauka. Zan iya rubuta daren da ba a yi komai ba. Amma ba zan yi alkawarin cire ɗaya ɓangaren ba, Malam ya yi haƙuri, don mace ta sake jin tana raye a jikinta bayan ta ɗauka ta mutu tare da shi, shi ma labari ne, kuma ba ƙarya ba ne.

Hajjo_Fagge:
Ba ƙarya ba ne, ƙanwata. Ya zo, kuma da ya zo ban ji na ci amanar kowa ba. Sai dai ba a daren farko ba, ba kuma don na mance ba. In za ki rubuta, kada ki sa ta gwada su biyun, wane ya fi wane. Wannan gwadawar ce take ƙona mini rai in na gani. Ba a haɗa su a ma'auni.

'Yar_Gwale:
Ke ba kya gwadawa, Anti. Maza suna yi.

Abban_Ilham:
Wasu dai.

Ummi_Ƙofar_Na'isa:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake bi a ɓoye. Ban daɗe da fita takaba ba, ɗana ɗaya. Ƙanin marigayin ya aiko yana so, iyayensu sun goyi baya don kada yaron ya bar gidan. Ba shi da aibu, amma muryarsu iri ɗaya ce, in ya yi sallama gabana faɗuwa yake yi. Ban san ko shi nake ji a raina ko yayansa ba. A littattafan da na karanta irin wannan auren kullum ƙiyayya ake farawa da ita a ƙare da soyayya mai zafi. Ni ba na ƙin sa, tsoro nake ji.

Malam_Tudun_Wada:
Wa alaikumus salam. Auren halal ne tunda idda ta cika, amma ba mai ikon tilasta miki. Bazawara sai da izininta na baki. Ki yi istihara.

Nas_Binta:
Ummi, ki nemi a ba ki lokaci, ko zuwa bayan babbar salla. In mai son ki ne zai jira.

Hajiya_Kulu_Yakasai:
Lokaci, lokaci. In ta ja, wani ya zo daga waje, a karɓe mata yaro fa? Ni dai na ce ta duba ɗanta. Ummi, mahaifiyarki tana raye?

Ummi_Ƙofar_Na'isa:
Tana nan, Hajiya. Ita ma so take in amince.

Hajjo_Fagge:
Ummi, duba akwatin saƙonki, na turo miki lambata. Ki kira ni bayan isha'i in yara sun kwanta.